Ayarin Sama Ba Ya Yada Zango a Damargu

Da hantsi muka bar tashar Damagaram. Mota ta cika maƙil, buhunan shinkafa da jarkokin mai a kan rufi, mu kuma a ciki gwiwa tana gugar gwiwa. Ta'aziyya ce za ta kai ni Belbeji, amma na ƙudurta sai na kwana a Tanut tukuna, don rabona da garin an daɗe. Lokacin kaka ne, an gama yankan gero, dammuna jere a bakin gonaki, iskar hunturu ta fara busar da leɓe.

Saurayin da ke gefena bai ajiye wayarsa ba tun daga tasha. Sai da muka fita gari ya juyo ya ce, "Baba, yi haƙuri da ni, yayana ne ke hanya." Yayan nasa yana tuƙin tasi a New York, shekara bakwai bai ga mahaifiyarsu ba. Ya lissafa mini hanyar da yatsunsa: daga New York zuwa Kasabulanka, a jira, daga can zuwa Yamai cikin tsakar dare, sai bas ta kusan kilomita 900 zuwa Damagaram, sannan irin wannan mota tamu, wajen kilomita 140 zuwa Tanut. "Ƙetare teku bai kai masa wahalar ƙetare ƙasarmu ba," in ji shi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya fito da abin da ke cin ransa. "Ga filin jirgi a Damagaram, an gyara shi lokacin bikin Zinder Sabuwa a 2018. Jiharmu ta fi kowace jiha yawan jama'a. Me zai hana jirgi ya taso daga Amurka ya sauka nan kai tsaye, ko sau ɗaya ne a mako?"

Wani dattijo a kujerar gaba ya yi tsaki, direba ya yi murmushi. Ni kam na ga tambayar ta cancanci a zauna da ita, domin yaron gaskiya ya faɗa game da yawan jama'a. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ta haura mutum miliyan 3 da rabi, Tanut kaɗai ta wuce 400,000, Belbeji kuma ta kusa 100,000. Sannan babu wanda zai ce mutanen Damargu, ƙasar da Tanut ke ciki, ba matafiya ba ne. Na ce masa, "Ɗana, bari mu yi lissafin tare, hanya ai da sauranta."

Tsakanin Damagaram da New York ya haura kilomita 8,000. Jirgin da aka saba sa wa irin wannan tafiya yana da kujeru wajen 250. Kamfani ba ya son hanyar da zai bi sau ɗaya a mako, saboda matuƙa da ma'aikata za su zauna kwanaki a masauki ana biyansu, fasinja mai uzuri kuma ba zai jira kwana bakwai ba. Mu ce sau uku. Kujera 250 sau uku, sau mako 52, ya kama kujera 39,000 a shekara a zuwa, wasu 39,000 a dawowa. In ana so kada a faɗi, sai takwas cikin kowace kujera goma sun samu mai zama, rani da damina. Ko hakan ma bai isa ba. Ribar doguwar tafiya tana gaban jirgi, wajen 'yan kujerun nan masu tsada da manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfanoni ke saye, sai kuma kayan da ake zubawa a cikinsa ta ƙasa. Fasinjan baya kuɗin mai yake biya. Ga zafin ƙasarmu: idan rana ta take, iska takan yi sako-sako, jirgi mai nauyin man tafiyar kilomita 8,000 yana bukatar doguwar hanyar tashi, ko kuwa a rage masa kaya. Ga sharuɗɗan tsaro da Amurkawa ke gindaya wa duk filin da jirgi zai tashi ya nufi ƙasarsu. Ga biza, wadda ba a neman ta a Tanut ko Damagaram.

Yaron ya ce, "To, mutum 30,000 a cikin miliyoyi?" Na tambaye shi mutum nawa ya sani a unguwarsu da ke Amurka. Ya yi tunani ya ce biyu. Na ce Libiya fa? Ya yi dariya. "Baba, wannan ai sai dai a ƙirga gidajen da ba su da kowa a can."

Muna cikin haka muka iso daidai matatar mai ta SORAZ, a ƙasar Olelewa, ba nisa da Bakin Birji. Ko da rana tsaka ana hango harshen wutarta a saman doguwar hasumiya. An buɗe ta a ƙarshen 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man kuma ta bututu yake zuwa daga Agadem, tafiyar sama da kilomita 400. Kashi 60 na kamfanin man ƙasar Sin ne, 40 na Nijar. In da akwai wani wuri a duk Damargu da ke haifar da irin fasinjan da kamfanin jirgi ke kwaɗayi, mai tafiya da kuɗin ma'aikata ba tare da ciniki ba, to nan ne. Sai dai baƙin da ke aiki a nan gidansu na gabas, ba su da abin yi a New York.

Mun shiga Tanut bayan azahar. Garin na nan kan tudunsa, gidajen ƙasa, iska mai ƙura, raƙuma durƙushe a gefen kasuwa suna tuƙa. Saurayin ya sauka da jakarsa, muka yi musabaha, na ce ya gaida yayansa in ya iso. Na nufi gidan wani tsohon abokin karatuna, wanda ya yi ritaya daga koyarwa. Bayan sallar la'asar ya ja ni kasuwar hatsi.

Nan na fi daɗewa. Buzaye daga arewa suna auna gero, suna ɗura shi a buhu, wasu za su ɗora wa raƙumi, wasu babbar mota. Wannan ciniki ya girmi kakannin duk wanda ke tsaye a wurin. Damargu ita ce rumbun Abzin. Duwatsun arewa ba sa ba da hatsin da zai ci da mutanensu, don haka geron nan ne ke tafiya can, shi ake kaiwa har Bilma a musanyo gishiri da dabino. A kan wannan gero ne babbar hanyar fatake ta tsaya, wadda ta taso daga Kano, ta bi Damagaram, ta ratsa Damargu zuwa Agadas, ta wuce Gat har Tarabulus. A watan Janairu na 1851 Baturen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya iso Damargu tare da ayarin gishiri. A Tagelel ya fara rabuwa da abokan tafiyarsa biyu: Richardson ya nufi Damagaram, daga baya Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, shi kuma ya gangara Kano ta Tasawa da Katsina. Mararraba ce ta gaske.

Abokina ya tuna mini wani abu da ya dace da tambayar yaron nan. A ƙarshen ƙarni na 19, cikin kayan da ayari ke ɗauka zuwa Tarabulus akwai hauren giwa, da gashin jimina, da jemammun fatun awaki, kuma wani kaso na fatun nan jirgin ruwa kan kwashe shi zuwa kasuwannin Amurka. Ashe kayan da suka kwana a zangunan Damargu sun ƙetare tekun Atlantika tun kafin a ƙera jirgin sama. Abin da ya sa suka ƙetare shi ne akwai mai saye a can, akwai kaya a nan, akwai madugu da ya ga riba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kayan Kano suka juya kudu zuwa Ikko, inda tafiya ta fi sauri kuma ta fi araha. Ba wanda ya rufe hanyar Tarabulus da doka. Fatake ne suka daina zuwa, zangunan suka yi shiru, sai cinikin gero da gishiri da ya rage, don shi bukatarsa ba ta gushe ba.

Irin wannan ne ya sami filin jirgin Kano. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, kuma bayan yaƙin duniya na biyu filin ya zama zangon ayarin sama. Jiragen lokacin ba sa iya tashi daga Turai su kai Kongo ko Afirka ta Kudu ba su sha mai ba, Kano kuwa tana bakin Sahara daidai inda ƙishi ke kama su. Kamfanin KLM ya fara zuwa a 1947. Da aka ƙera jirage masu dogon numfashi, sai ɗaya bayan ɗaya suka riƙa wucewa ta sama. KLM ya daure har 2012, sannan ya tattara. Kano ce fa, mai miliyoyin mutane da attajiranta da kasuwar Kwari. Haka Gander ta ƙasar Kanada da Shannon ta ƙasar Ailan suka ci zamaninsu a hanyar Turai zuwa Amurka, lokacin da kusan kowane jirgi sai ya sauka ya sha mai kafin ko bayan ƙetare teku. Yau akasari ta samansu ake wucewa.

Ko inda ake da arziki, hanyar Amurka daga ƙaramin fili takan yi wuyar riƙewa. Kamfanin Norwegian ya buɗe hanya daga birnin Cork na Ailan zuwa gabashin Amurka a 2017 da ƙananan jirage, a ƙasar da kusan kowane gida ke da dangi a can, amma 2019 ba ta ƙare ba sai da ya daina. A yankinmu kuwa, Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961, ya yi shekaru yana kai mutane New York ta Dakar, ya durƙushe a 2002. Arik ya ɗauki Ikko zuwa New York daga 2009, ya sauke a 2017. Air Sénégal ya gwada daga Dakar a 2021, ya janye a 2024. Waɗannan manyan birane ne na bakin teku. 'Yan Nijar da ke Amurka, a New York da Greensboro da sauran wurare, ba su kai yawan da zai cika jirgi ko daga Yamai ba, shi ya sa suke bi ta Kasabulanka ko Istanbul ko Lome, inda ake tara fasinjan ƙasashe da yawa a zuba su jirgi ɗaya, kamar yadda ƙananan ayarori kan haɗu a Agadas kafin su shiga Sahara.

Da dare muka zauna wajen mai shayi kusa da tasha. Motoci na tsayawa, samari na sauka su yi salla su sayi burodi, fuskoki naɗe da rawani, kowa da jarkar ruwa da aka ɗinke da buhu. Arewa suka nufa. Wasu Agadas za su kama Hilux zuwa Dirku su wuce Sabha. Wasu Arlit, daga nan Asamaka zuwa Tamanrasat. Wasu wuraren haƙar zinariya da suka buɗe tun 2014 a Jado da Cibarakatan. Bayan an kai amfanin gona gida, ƙauyukan Damargu kan zama na tsofaffi da mata da yara har ruwa ya sauka. Mu da muka tashi a jihar nan ba mu manta Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, ƙishi ya kashe su bayan motocinsu sun lalace. Akasarinsu mata ne da ƙananan yara daga ƙasar Kance. An kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, direbobi suka koma bin hanyoyin ɓoye da ba rijiya, aka soke dokar a Nuwamban 2023. Tafiyar dai ba ta taɓa tsayawa ba.

Wani daga cikin masu shan shayin, mai kimanin shekara talatin, ya ji muna zancen jirgi sai ya ce shi ya taɓa hawa. Na tambaye shi ina ya je. Ya ce, "Dawo da ni aka yi, Malam." Ya yi wata biyar a tsare a Libiya, hukumar kula da 'yan ci-rani ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su a jirgi zuwa Yamai, daga nan aka ba su kuɗin mota. Ya ce tafiyar da ta ci masa kwana tara da tumaki huɗu, jirgi ya maido shi a 'yan sa'o'i. Maganar nan ta tsaya mini a rai har na kwanta. Da yawa daga 'ya'yan Damargu hawansu na farko ke nan, kuma shi ne na ƙarshe.

Ba na cewa jirgin ƙetare bai taɓa rayuwa a wajen Yamai ba. Ya rayu a Agadas, a filin da ke ɗauke da sunan Mano Dayak. A farkon shekarun 2000 kamfanin Point-Afrique yana kawo 'yan yawon buɗe ido kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi, masu son ganin duwatsun Abzin da rairayin Tenere. Maƙeran azurfa da masu jagora da direbobi sun ci moriyarsa. Ya yiwu ne saboda akwai dubban mutane a can da ke son zuwa nan, kuma jirgin na haya ne, na kaka guda, ba a tilasta masa tashi da kujeru wayam a watan Mayu ba. Da tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, baƙin suka ɗauke ƙafa, jirgin ma ya bi su. Filin yana nan bai gusa ba.

Washegari na sami motar Belbeji. Mun bar kwalta muka yi yamma, daga nan sai burji da yashi da ƙaya. Gonaki na raguwa, makiyaya na ƙaruwa, shanun Fulani masu dogon ƙaho na tafe a hankali, a bakin rijiya jakuna da raƙuma na jan guga da igiyar da tsawonta kaɗai ya isa ya gaya maka zurfin ruwan. Sau biyu muka sauka muka tura. Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, an fitar da ita daga Tanut, amma tazarar da ke tsakaninta da kwalta tana nan yadda take. Mace mai naƙuda da za a kai babban asibiti a Damagaram, wannan hanya za ta bi.

Na yi ta'aziyya, aka yi addu'a, aka kawo fura. Da yamma aka shiga da ni cikin gida in gaida yayar mamacin, Hajiya, wadda ta haura saba'in. Na durƙusa na ce, "Inna, ya haƙuri?" Ta ce haƙuri sai ma'abota. Hira ta yi tsawo har ta gangaro kan hajjinta. Kakanta da ƙafa ya tafi Makka, ta Barno da Cadi da Sudan, ya yi shekaru kafin ya dawo. Ita kuwa a shekarar da ta je, motar kasuwa ta kai ta Damagaram, bas ta kwana da wuni da ita zuwa Yamai, ta yi kwanaki tana kwana a tabarma tana jiran a kira sunanta. Ƙafafunta suka kumbura tun ba ta ga jirgi ba. "Da muka tashi," in ji ta, "wani ɗan boko a kusa da ni ya ce, Hajiya, yanzu fa muna saman ƙasarku. Na ce masa, to wahalar me na sha zuwa yamma, alhali alƙibla na gabas?"

Ɗan bokon bai yi mata ƙarya ba. Wanda ya ja zare a taswira daga Yamai zuwa Jidda zai ga ya bi kusan ta kan Damargu. Tsohuwa ta yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 don ta dawo ta wuce ta saman rumbunta. Nijar na samun kujerun hajji sama da 15,000 a shekara, kaso mai tsoka kuma daga Damagaram da Maraɗi da Difa yake fitowa. Ga fasinja nan tabbatacce, wanda ya biya tun kafin a kawo jirgi, lokacinsa sananne, kuma jirgin haya ya ishe shi. Ga masu umra a watan azumi. Ga 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Alƙahira, waɗanda da yawansu kan gangara Kano ta Matamai da Daura, tafiyar kilomita 240 ko kusa da haka, don ta fi musu Yamai kusa nesa ba kusa ba. Ga 'yan ci-rani da, in an daidaita musu takardu da ƙasashen arewa, kuɗin da suke zubawa a hanyar Sahara zai iya zama kuɗin tikiti.

A ganina nan ya kamata ƙarfin hukuma da na attajiran Damagaram ya tafi: tashin maniyyata daga filin Damagaram ya zama tsayayyen tsari da tsohuwa za ta dogara da shi kowace shekara, ƙaramin jirgin da ke haɗa Damagaram da Yamai da Agadas ya riƙa tashi a ranar da aka ce, a farashin da malamin makaranta zai iya kaiwa in uzuri ya taso, a kuma shimfiɗa kwalta har Belbeji. Yayan saurayin nan ma da wannan zai fi amfana. In ya sauka Yamai da asuba ya sami jirgin da zai kai shi Damagaram kafin azahar, to la'asar a gaban mahaifiyarsa zai yi ta.

Bayan isha'i aka shimfiɗa mana tabarmi a ƙofar gida. Garin ba hasken da zai dishe taurari, sama ta sauko kamar a taɓa. Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani yaro ya nuna da hannu: ɗigon haske ja da fari yana ƙyaftawa, ya fito daga kudu ya nufi arewa, ko ƙararsa ba a ji. Kafin in yi barci na ƙirga huɗu. Irin jiragen da ke tashi daga Ikko da Abuja da biranen kudu ne zuwa Turai, cike da mutane, kilomita goma ko fiye a saman kanmu, suna bin kusan layin da raƙuman Tarabulus suka bi. Yaron ya tambayi kawunsa ko mutanen ciki na ganinmu. Kawun ya ce barci suke yi.

Da asuba Hajiya ta aiko mini da ƙullin cuku da gero mudu biyu. Ta ce a faɗa mini tana kiwon awaki shida, in Allah ya ja kwana tana son ta ƙara ganin Ka'aba sau ɗaya, amma ƙafarta ba za ta sake ɗaukar hanyar Yamai ba. Motar Damagaram ta zo da hantsi, an riga an ɗaure raguna uku a kan rufi, na samu wuri a baya kusa da taga.